In yana aiki, a bar shi: me ya sa masu rubuta manhaja ke gudun kimtsa kod?

Duk wanda ya ɗan jima cikin masu rubuta manhaja ya san irin wannan zama. Ana tsara aikin mako biyu masu zuwa, sai wani ya gyara murya ya ce akwai fayil ɗin da ya kamata a tsaya a kimtsa kafin a ƙara ɗora masa kaya, don ya zama dajin da ba a shiga a fito lafiya. Ɗaki ya yi tsit. Can sai wanda ya fi kowa daɗewa ya tambaya, ko kai bai ɗago daga allonsa ba: "Yana aiki?" A ce masa eh. "To, a bar shi." Manaja ya ce za a duba bayan an fitar da abin da ke hannu, a jefa maganar cikin jerin ayyukan wata rana. Kowa a ɗakin ya san watan wannan ranar ba zai kama ba.

Abin da ake ja-in-ja a kansa shi ne wanda 'yan sana'ar ke kira rifaktorin, ni kuma zan ce masa kimtsa kod. Ma'anarsa ba ta da tsawo: ka sauya yadda aka jera kod, wato rubutattun umarnin da kwamfuta ke bi, daga ciki, amma abin da manhajar ke yi a idon mai amfani da ita ya zauna yadda yake, ko ƙwayar zarra bai motsa ba. Wani ya raɗa wa wani adadi suna x2, ka mayar da shi sunan da ke faɗin abin da yake ɗauke da shi. Umarni ɗaya ya miƙe har layi 600, ka yayyanka shi gida-gida. Lissafi guda an kwafe shi wuri uku, ka haɗe shi wuri ɗaya. William Opdyke ya yi digirinsa na uku a kan wannan a Jami'ar Illinois a 1992, sannan littafin Martin Fowler na 1999 ya kai kalmar bakin kowa. Buƙatar kuwa ta girmi kalmar. Tun 1974 Meir Lehman, wanda ya bi diddigin yadda babbar manhajar IBM ta OS/360 ke girma, ya lura cewa manhajar da ake ta yi wa ƙari kullum ƙara cukurkuɗewa take, sai fa in an ware ƙarfi musamman don warware ta.

A baki, babu mai musun wannan. Tambayi wanda ya ce a bar shi ko yana son kod mai tsabta, zai ce maka ƙwarai kuwa. Shi ya sa ba na yarda da bayanin da aka fi yi, wai masu ƙi ragwaye ne ko kuma sun tsufa da koyon sabon abu. Ruwa ba ya tsami banza. Yawancinsu wani abu suka gani, kuma ni ma na gani, da hannuna na jawo shi.

Ina sabon shiga a wani kamfani da ba sai na ambaci sunansa ba, na tarar da lissafin kuɗin fito an rubuta shi a fayil uku. Na jera su kusa da juna a allo, na karanta, na ga kamar an tsaga kara. Na je wurin babbanmu da zumuɗi na ce, "Yallaɓai, abu ɗaya ne aka maimaita sau uku, bari in haɗe su." Ya ce, "Malam, bar su yadda ka gan su." Na tambayi dalili, ya ce shi ma bai tuna ba, amma dai in bar su. A raina na ce wannan ai ba hujja ba ce. Na haɗe su a cikin wani aikin daban, aka duba, aka wuce. Kwana goma sha ɗaya lafiya lau. Ranar da aka rufe lissafin wata sai ga waya daga sashen kuɗi, alƙalumanmu da na wani babban abokin ciniki sun ƙi haɗuwa. Ashe a fayil na uku akwai bambancin kalma ɗaya tak: sauran biyun suna cike ɓurɓushin adadi zuwa sama, shi kuwa yana zubar da shi, saboda haka aka yi yarjejeniya da wannan abokin cinikin shekaru kafin zuwana. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kod ɗin ne kaɗai ya riƙe shi. Muka kwana biyu muna bin rasit ɗaya bayan ɗaya. Babban namu bai ce mini "ai na faɗa maka" ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Tsohon kod ma'ajiyar tarihi ce. Munin da sabon ido ke gani, sau da yawa tabon wata matsala ce da ta taɓa tayar da wani daga barci, ya toshe ta cikin dare, ya manta bai bar bayani ba. Wanda ya zo yana gogewa don ya yi kyau, yana iya goge maganin tare da tabon.

Misalin da ya fi ba ni tsoro a wannan fanni na Debian ne, wani tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. A 2006 wani mai kula da OpenSSL, manhajar da ke ƙera makullan sirri, a wannan tsari ya ga manhajar binciken kurakurai ta Valgrind tana ta ƙorafi a kan wasu layuka, wai suna karanta wani sashe na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba a zuba masa komai ba. Ya cire layi biyu, ƙorafi ya ɗauke. Ɗaya daga cikin layukan nan shi ne ke shigar da bazuwar da ake ƙera makullan sirri da ita. Da aka cire shi, abin da ya rage na bazuwa lambar da tsarin ke ba kowane aiki ce kawai, wadda ba ta wuce 32,768. Wato makullin da ya kamata a ce duniya ta naɗe ba a canko shi ba, ya koma abin da ƙaramar kwamfuta za ta lissafo dukkan ire-irensa ta ajiye. Ba a farga ba sai watan Mayun 2008, lokacin da Luciano Bello ya gano, aka shiga sauya makullai a Debian da Ubuntu, wadda aka gina a kan Debian, da duk inda aka kai su. Mutumin nan ba mugu ba ne, ba kuma jahili ba, har tambaya ya yi kafin ya cire. Garin gyaran gira ne aka rasa ido. Wanda ya san irin wannan labari, in ya ce a bar shi, wanda maciji ya sara ne ya ga tsumma.

Akwai kuma abin da ya sa alkawarin "babu abin da zai sauya a waje" ke da wuyar cikawa. Wani injiniya, Hyrum Wright, lokacin yana Google, ya lura cewa idan masu amfani da manhajarka suka yi yawa, duk wata ɗabi'a tata da ake iya gani sai ka sami wanda ya dogara da ita, ko ka yi alkawarinta ko ba ka yi ba. Jerin da sakamako ke fitowa, kalmomin saƙon kuskure, har jinkirin daƙiƙa guda. Kai kana ganin ɗaki ka share, wani can ya gina katangarsa a kan sharar.

Amma haɗari kaɗai bai isa ya bayyana ƙin ba, don ƙara sabon abu ma haɗari ne, kuma kullum ana yi. Inda gizo ke saƙa shi ne wa zai ɗauki laifi, wa zai ci riba. Idan ka kimtsa kod ya yi kyau, ribar ta watsu: wani ya gama aikinsa a kwana biyu maimakon biyar, wata ta tsallake kuskuren da da ta faɗa, kuma babu ɗayansu da zai san kai ne sila, domin matsalar da ba ta faru ba ba ta da rasit. Idan kuwa abu ya fashe, ba a wahalar neman mai shi. A cikin Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod, akwai umarnin da ke nuna sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, da ranar da ya taɓa, kuma sunan umarnin kansa blame, wato ɗora laifi. Ranar da za a duba wanda ya cancanci ƙarin girma, wanda ya fitar da sabon maɓalli yana da abin nunawa. Wanda ya share wata guda yana kimtsawa, in ya yi aikinsa daidai, abin da zai nuna shi ne manhajar tana nan yadda take jiya. Mai hankali ya auna wannan ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ban ga laifinsa ba. Ma'aunin da aka kafa masa ya bi.

Wani bincike da Miryung Kim da abokan aikinta biyu suka yi a Microsoft, aka buga a 2012, ya nuna fuska biyun nan a wuri guda. Sun tambayi injiniyoyi sama da 300, suka tarar suna kallon kimtsawa a matsayin aiki mai tsada da haɗari, musamman tsoron ɓata abin da ke aiki. Da suka duba tarihin Windows 7 kuma, sai suka ga sassan da wata tawaga ta musamman ta kimtsa sun rage dogaro da juna, kurakuransu bayan fitarwa ma sun ragu. Amfanin gaskiya ne, tsoron ma gaskiya ne, sai dai kamfani ke kwasar na farko, mutum ɗaya ke kwana da na biyu.

Shi manaja matsalarsa daban ce: ana roƙonsa ya biya kuɗin abin da ba ya gani. Don irinsa Ward Cunningham ya kawo misalin bashi a 1992, yana bayani a kan wata manhajar harkar kuɗi mai suna WyCash. Ya ce fitar da kod tun ba a gama fahimtar matsala ba kamar cin bashi ne, yana sa a yi sauri, muddin za a dawo a biya. In ba a biya ba, duk lokacin da aka ɓata ana fama da kod ɗin kuɗin ruwa ne. Misali ne mai kyau, amma ina ganin ya juya wa masu shi baya. Ɗan kasuwa ba ya jin tsoron kalmar bashi, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan bashin kuma ba shi da takarda, ba shi da ranar biya, ba mai zuwa ƙofa ya yi sallama. Kuɗin ruwansa ana cirewa ne a ɓoye, aikin kwana uku ya koma na mako biyu, manaja kuma ya ɗauka yaransa ne suka yi sanyi.

Mu ma masu neman a kimtsa muna da namu kason na laifi, kuma ba ƙarami ba ne. Mun ɓata kalmar. Sau nawa mutum zai ce zai ɗan kimtsa wani sashe, ya ɓace mako shida, ya dawo da sabon gini tun daga tushe, da sabon salo da ya gani ya yi sha'awa, rabin abubuwan da ke aiki da sun daina? Wannan rushewa ce da sake gini, an dai sa mata rigar kimtsawa don ta wuce. Binciken Microsoft ɗin nan ma ya tarar injiniyoyi na amfani da kalmar a kan sauye-sauyen da suka zarce ma'anarta ta asali. Ƙarshen irin wannan tafiya sananne ne. Kamfanin Netscape ya fitar da burauzarsa, wato manhajar shiga intanet, ta 4 a 1997, daga baya ya yanke shawarar watsar da tsohon kod ya faro daga farko. Ta 5 ba ta taɓa fitowa ba, ta 6 sai Nuwamban 2000, a tsakani kuwa Internet Explorer ta cinye kasuwa. Manajan da aka taɓa yi wa haka, in ya ji an ce "kimtsawa", abin da kunnensa ke jiyo masa shi ne wata uku babu abin sayarwa.

Sai kuma zuciya. Ka ce wa mutum fayil ɗin nan ƙazanta ne, alhali shi ya rubuta shi shekara huɗu da suka wuce cikin matsin wa'adi, da ilimin da ake da shi a lokacin, ai ba kod kake zagi ba a wurinsa. Wasu kan ce masu ƙi suna kare kujerarsu ne, don in kod ya zama mai sauƙi ba a buƙatarsu. Akwai irinsu, amma ban haɗu da su da yawa ba. Wanda na fi gani shi ne mutumin da ya haddace lungunan kod kamar tafin hannunsa, ko cikin duhu ya san inda komai yake, sai a wayi gari an sauya wa komai wuri da suna, ya koma baƙo a gidansa. Ga wanda ke tsakiyar aikinsa a wani reshe, wato nasa kwafin kod ɗin, ya zo haɗewa da na kowa ya tarar fayilolin da ya taɓa duk an kwashe su. Ga wadda aka turo wa sauyin layi 3,000 ta duba, an ce mata "ba abin da ya sauya fa", ita kuma ta san in ta sa hannu ta shiga cikin masu laifi.

To, in haka ne a bar shi ɗin mana? Nan ne nake rabuwa da babbanmu na da. Ya yi gaskiya cewa taɓawa na da haɗari, amma ya ɗauka bari kyauta ne. Kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya daina amfani da wani sashe na manhajarsa mai suna Power Peg tun 2003, amma ba wanda ya cire shi, yana nan kwance. A 2012 aka rubuta sabon kod, aka ari wata alama da a da ita ke kunna Power Peg aka ba ta sabon aiki. Wurin ɗora sabon kod a manyan kwamfutoci takwas, aka tsallake ɗaya. Safiyar 1 ga Agusta aka buɗe kasuwa, alamar ta isa kwamfuta ta takwas, mataccen kod ya farka ya shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar kusan dala miliyan 440, bai kuma sake tsayawa da ƙafarsa ba, sai haɗewa ya yi da wani kamfani mai suna Getco. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a 2005 an ɗauke sashen da ke ƙirga ko an cika oda aka mayar da shi wani wuri, ba a sake gwada Power Peg ba, shi ya sa da ya farka bai san inda zai tsaya ba. Ka ga kowane ɓangare na da abin kamawa a labarin nan. An bar abin da ya kamata a share, an kuma matsar da abu ba tare da gwaji ba.

Gwajin nan shi ne bakin zaren. Michael Feathers, a 2004, ya fassara tsohon kod da cewa shi ne kod ɗin da ba shi da gwaje-gwaje, wato ƙananan kod da ke duba ko babban yana ba da amsar da ake tsammani, ko da jiya aka rubuta shi. Dabarar da ya koyar ita ce, kafin ka motsa komai, ka rubuta gwajin da zai kama abin da kod ɗin ke yi yanzu, daidai ne ko kuskure, ba abin da kake ganin ya kamata ya yi ba. Da na zuba wa fayilolin nan uku adadi iri ɗaya na kwatanta amsoshinsu, da cikin minti goma na ga na ukun ya bambanta. Wa'azin tsabtar kod bai taɓa sauya ra'ayin mai tsoro a gabana ba. Abin da na ga ya sauya shi shi ne a nuna masa cewa in an yi kuskure, na'ura za ta yi ihu kafin abokin ciniki ya yi.

Sauran dabarun duk rage girman abin da ake roƙo ne. Kent Beck yana kwatanta aikin da hula biyu, ta ƙari da ta kimtsawa, ba a sa su lokaci guda. A aikace, sauyin da ya matsar da kaya ya zo shi kaɗai, wanda ya sauya ɗabi'a ya zo shi kaɗai, mai dubawa ya san abin da yake nema a kowanne. Shi ne kuma ya ce in za ka yi sauyi, fara sauƙaƙa wurin, ko da yake wannan ɗin na iya yin wuya, sannan ka yi sauyin cikin sauƙi. Hikimar ita ce kimtsawar ta bi sawun aikin da aka riga aka amince da shi. Ba ka ce wa manaja "ba ni wata guda in share gida" ba, ka ce masa "abin da ka nema kwana biyar ne, biyu na gyara wurin da zai zauna." Idan sashen ya yi girman da ba ya kimtsuwa, akwai hanyar da Fowler ya kwatanta da wani irin ɓaure da ya gani a Ostareliya, mai tsirowa a jikin wata bishiya, ya naɗe ta sannu a hankali har ya maye gurbinta: a gina sabo a gefen tsoho, a riƙa karkatar da aiki kaɗan-kaɗan, tsohon na nan ana iya komawa gare shi in an ga ba daidai ba. Ko ƙorafin blame an rage masa kaifi, domin tun 2019 Git na iya tsallake sauye-sauyen da aka ware a matsayin na gyaran jeri kawai.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne makon tsafta da wasu kamfanoni ke warewa sau ɗaya a shekara. Shi ne abu na farko da ake yankewa in wa'adi ya matso, kuma yana koya wa kowa cewa kimtsawa biki ce, ba cikin aikin yau da gobe take ba. In an samu an yi ma, sai kowa ya nufi wurin da ya fi ba shi haushi, wanda sau da yawa ba shi ne ke cin lokaci ba. Tarihin Git na iya nuna fayilolin da aka fi taɓawa a shekara, kuma galibi 'yan kaɗan ne. Mummunan fayil da ake buɗewa kullum shi ke cin kuɗin ruwa. Mummunan da ba a buɗe ba shekara biyar, ba ya cin komai, sai dai in matacce ne irin na Knight, shi kuwa sharewa yake so, ba ado ba.

Yanzu ni ne ke zaune a kujerar da ake tambaya, kuma nakan ji "a bar shi" ta taho bakina. Wani lokaci nakan haɗiye ta in ce wa yaron ya fara kawo gwaji. Wani lokaci kuma nakan faɗe ta, don akwai wuraren da ta dace. Buɗe Excel ka rubuta 29 ga Fabrairun 1900, zai karɓa, alhali ba a taɓa yin wannan rana ba, shekarar 1900 Fabrairunta kwana 28 ne. Lotus 1-2-3, manhajar lissafin da ta riga Excel, ita ta fara kuskuren, Microsoft ya kwaikwaye shi da gangan don fayilolin mutane su buɗu daidai. Kamfanin ya san da shi, ya rubuta bayaninsa, ya kuma ce ba zai gyara ba, saboda gyaran zai matsar da ranakun da ke cikin takardun jama'a da kwana guda.